Yadda Ƙwayoyin Gadon Dafi Suka Rarrabu Tsakanin Bakteriya Masu Kawo Gudawa

Gabatarwa

A duk shekara, da zarar damina ta zauna, ma'aikatan lafiya a ƙananan hukumomin arewacin Jihar Kano, irin su Dambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa, Kunci, Bagwai, Dawakin Tofa da Minjibir, sukan ƙara shirin karɓar masu fama da gudawa. Sai dai gudawa suna ne da ya tattara cututtuka masu bambancin hali. Wani yaro yakan yi zawo kwana biyu ya miƙe. Wani magidanci mai ƙarfi yakan fara zubar da ruwa da hantsi, kafin magariba idanunsa sun faɗa. Wata yarinya kuma takan yi bayan gida da jini, bayan mako guda fitsarinta ya ragu, jikinta ya kumbura.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, sau da yawa idan an kai samfurin bayan gida ɗakin gwaje-gwaje, sunan bakteriyar da za a samu a cikin mara lafiya shi ne dai sunan wadda za a samu a cikin mai lafiya. Binciken da aka yi tun daga tsakiyar ƙarni na 20 ya nuna cewa bambancin yana cikin wasu 'yan ƙwayoyin gado masu ɗauke da umarnin haɗa dafi, waɗanda wata bakteriya ke da su, 'yar'uwarta kuma ba ta da su. A wannan shafi za mu bayyana yadda waɗannan ƙwayoyin gado suka rarrabu, yadda suke ƙaura daga wata bakteriya zuwa wata, da kuma abin da hakan ke nufi ga mazauna karkarar da gidaje, gonaki, rijiyoyi da turakun dabbobi suke kusa da juna.

Ma'anar wasu kalmomi

Bakteriya halitta ce mai rai wadda ido ba ya iya gani. Idan aka jera guda 500 na irin wadda ke zaune a hanjin mutum, tsawonsu bai wuce milimita ɗaya ba. Tana hayayyafa ne ta hanyar rabewa biyu, kuma idan ta sami abinci da ɗumi takan iya yin hakan cikin kowane minti 20. Mafi yawan bakteriyar da ke cikin hanjinmu ba su da illa, wasunsu ma suna taimaka mana wajen narkar da abinci.

Dafi, a wannan bayani, wani sinadari ne da bakteriya ke haɗawa, wanda ke ɓata aikin bangon hanji ko na wata gaɓa ta jiki. Ƙwayar gado kuwa wani yanki ne na sinadarin DNA wanda ke ɗauke da umarnin haɗa abu guda. Bakteriya tana da dubban irin waɗannan, akasarinsu a jere a kan wani dogon zare guda, wanda za mu kira babban zaren gado. Idan umarnin haɗa dafi ba ya cikin abin da ta mallaka, ba za ta iya haɗa dafin ba, komai yawanta a cikin hanji.

Hanyoyin da ƙwayar gado ke ƙaura

Mu 'yan Adam daga iyayenmu kaɗai muke gado. Bakteriya kuwa, ban da abin da ta gada, tana iya karɓar ƙwayar gado daga maƙwabciyarta, ko da ba zuriyarsu ɗaya ba. Hanyoyi uku aka sani.

Ta farko ita ce ta zoben gado, wanda masana ke kira filasmid. Wannan ƙaramin zobe ne na DNA da ke zaune daban da babban zaren. Bakteriya biyu sukan manne da juna, ɗaya ta miƙa wa ɗaya kwafin zoben. Joshua Lederberg da Edward Tatum ne suka fara nuna irin wannan musaya a Amurka a shekarar 1946. A ƙarshen shekarun 1950 likitoci a Japan suka lura cewa bakteriyar atuni tana karɓar jure wa magunguna da dama a lokaci guda ta wannan hanya.

Ta biyu ita ce ta bairus mai kama bakteriya, wanda ake kira faj. Wani faj yakan shiga bakteriya ya kashe ta nan take. Wani kuma yakan cusa ƙwayoyin gadonsa cikin babban zarenta ya kwanta, duk lokacin da ta rabu biyu sai a kwafe har da shi. Idan wannan baƙo yana ɗauke da umarnin haɗa dafi, to mai masaukinsa ta zama mai dafi ke nan, ita da zuriyarta.

Ta uku ita ce tsintuwa, inda bakteriya ke haɗiye guntun DNA da wata matacciyar bakteriya ta bari a cikin ruwa ko ƙasa. Frederick Griffith ya ga alamun haka a Ingila a shekarar 1928.

Har ila yau, akwai manyan yankuna na babban zaren gado waɗanda bincike ya nuna cewa daga waje aka shigo da su a dunƙule a wani zamani da ya wuce. Masana na kiransu tsibiran cuta, domin suna ɗauke da tarin ƙwayoyin gadon da ke taimaka wa bakteriya ta manne wa hanji ko ta raunata shi.

Kwalara: dafi a hannun zuriya guda

Bakteriyar kwalara, wato Vibrio cholerae, asalinta mazauniyar ruwa ce. An san rukunoninta fiye da 200, amma biyu kaɗai, O1 da O139, suke haddasa annoba. Ragowar suna nan a koguna da tafkuna da bakin teku, akasarinsu ba su da umarnin haɗa dafin kwalara, ko da yake wasunsu kan kawo gudawa mara tsanani ga mutum ɗaya ko biyu.

Likitan Indiya Sambhu Nath De shi ne ya tabbatar a birnin Kalkata a shekarar 1959 cewa dafi ne ke jawo zubar ruwan kwalara. Dafin yana da sassa biyu. Sashen B, mai gaɓoɓi biyar, shi ke kama bangon hanji. Sashen A kuma ya kutsa ciki ya sa hanjin ya riƙa tura gishiri waje ba tsayawa, ruwa yana biye da shi. A hali mai tsanani babban mutum na iya zubar da kusan lita ɗaya cikin sa'a guda, bayan gidan nasa fari kamar ruwan wankin shinkafa.

A shekarar 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos na Jami'ar Harvard suka gano cewa ƙwayoyin gado biyu masu umarnin wannan dafi, ctxA da ctxB, na wani faj ne mai suna CTX, wanda ya kwanta a cikin bakteriyar. Suka kuma gano cewa faj ɗin yana shiga ne ta wani siririn gashi da ke jikin bakteriyar mai suna TCP. Wannan gashi shi ne kuma bakteriyar ke amfani da shi wajen kafa sansani a cikin hanjin mutum, kuma umarnin haɗa shi yana kan wani tsibirin cuta. Ke nan sai Vibrio ta mallaki tsibirin tukuna kafin faj ya sami ƙofar shiga cikin sauƙi. Wannan sharaɗi mai hawa biyu na daga cikin dalilan da suka sa dafin kwalara ya taƙaita ga 'yan zuriyoyi kaɗan.

Annobar kwalara ta bakwai a tarihin duniya, wadda har yau ba ta ƙare ba, ta taso ne daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya a shekarar 1961. Nau'in da ke haddasa ta ana kiransa El Tor, sunan wata tashar killace matafiya da ke yankin Sinai na Masar, inda aka fara ganinsa a 1905. Ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta shigo Nijeriya a ƙarshen wannan shekara. A 1971 an ƙidaya kusan mutum 23,000 da suka kamu a ƙasar, kusan 3,000 suka rasu. A 1991 adadin ya haura 59,000, aka rasa fiye da 7,600. A Jihar Kano, tsakanin Disamba 1995 da Mayu 1996, an sami rahoton mutum 5,600 da suka kamu, 340 suka rasu. Binciken da aka yi a lokacin a Asibitin Zana ya nuna cewa waɗanda suka kamu sun fi shan ruwan da ake tallarsa a titi, kuma ba su cika wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ba, idan aka kwatanta su da waɗanda aka kwantar saboda wata cutar daban. A 2010 an sami fiye da 41,000 a faɗin ƙasa. A 2021 kuma Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Nijeriya, wato NCDC, ta ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, da kimanin 3,600 da suka rasu. Jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara su huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi.

Daga ina ƙwayar ke fitowa kowane karo? A shekarar 2017 masana daga Cibiyar Pasteur ta Faransa da Cibiyar Sanger ta Ingila suka wallafa sakamakon karanta cikakken DNA na samfura fiye da 1,000 da aka tara cikin kusan shekara 50. Sun gano cewa manyan annobar Afirka duk daga zuriya guda suka fito, wadda aka shigo da ita daga Asiya aƙalla sau 11 tun daga 1970, sannan ta riƙa bin mutane daga ƙasa zuwa ƙasa tsawon shekaru. Ita kanta ƙwayar gadon ctxB tana da 'yan bambance-bambance da ke zama shaida. Irin da ake kira ctxB7, wanda aka fara gani a gabashin Indiya, shi aka samu a samfuran Nijeriya da Kamaru na 2009 da 2010, shi ne kuma aka samu a Haiti a 2010. Darasin da ke nan shi ne, kwalarar annoba tafiya take yi a cikin hanjin mutane. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa nuna wata alama, amma suna fitar da ƙwayar a bayan gidansu har zuwa kwana 10. Idan wannan bayan gida ya sami hanyar shiga rijiya ko randa, annoba ta sami wurin sauka.

Escherichia coli: dafi a hannaye da yawa

Labarin Escherichia coli, wadda ake taƙaita sunanta zuwa E. coli, ya sha bamban. Likitan yara Theodor Escherich ne ya bayyana ta a Jamus a 1885. Tana zaune a hanjin kusan kowane mutum da kowace dabba mai shayarwa, kuma akasari ba ta cutarwa. Amma tana da saurin karɓar ƙwayoyin gado daga waje. A 2001, da aka kwatanta wani nau'i mai haɗari da wani mara illa da ake amfani da shi a ɗakunan bincike, an tarar mai haɗarin yana da ƙarin ƙwayoyin gado kimanin 1,400. Bisa ga abin da kowane nau'i ya ɗauka, masana sun kasa masu kawo gudawa zuwa rukunoni. Ga muhimman cikinsu:

1. ETEC, mai dafin hanji. Tana haɗa ɗaya ko duka biyun wasu dafi da ake kira LT da ST, kuma umarninsu a kan zoben gado yake. LT ɗan'uwan dafin kwalara ne na kusa, siffarsu da aikinsu kusan ɗaya. ST ƙarami ne, kuma zafi bai cika lalata shi ba. Saboda zobe na iya faɗawa hannun kowace E. coli, ana samun waɗannan dafi a zuriyoyi masu yawa da ba su da dangantaka ta kusa. Wata tana da LT kaɗai, wata ST kaɗai, wata duka biyu. Nau'o'in da ke kama mutum galibi daga bayan gidan mutum suke fitowa, domin ƙugiyoyin da suke manne wa hanji da su sun dace da hanjin mutum ne, na maruƙa kuma suna da nasu.

2. EPEC, mai lalata bangon hanji. Ba ta dogara da dafin da ake zubawa cikin hanji ba. Tana da wani tsibirin cuta mai suna LEE, wanda ke ba ta damar mannewa ta share 'yan gasun da hanji ke tsotse abinci da su. Ta fi cutar da jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya.

3. EAEC, mai taruwa kamar jerin tubali a bangon hanji. An fara bayyana ta a 1987 daga yara a ƙasar Chile. Binciken da Iruka Okeke da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2000 kan yara a kudu maso yammacin Nijeriya ya nuna cewa ana samunta a cikin masu gudawa da masu lafiya, kuma kowace tana ɗauke da nata haɗin na ƙwayoyin gadon cuta. Ana danganta ta da gudawar da ke jan lokaci da kuma tsumburewar yara.

4. STEC, mai dafin Shiga. Umarnin dafinta, stx1 da stx2, a cikin faj yake. Matattararta ita ce hanjin shanu, tumaki da awaki, waɗanda ke ɗauke da ita ba tare da sun yi ciwo ba.

Wannan rarrabuwa tana da tasiri kai tsaye ga lafiyar yara. Wani babban bincike da aka gudanar a Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Bangladash da Pakistan, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta huɗu ne ke jawo mafi yawan gudawa mai tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar: bairus ɗin rota, Cryptosporidium, Shigella, da kuma ETEC mai ɗauke da ST. Wadda ke da LT kaɗai ba ta nuna irin wannan haɗari ba, domin ana yawan samunta a cikin yara masu lafiya ma.

Atuni da dafin Shiga

Sunan dafin Shiga ya samo asali daga Kiyoshi Shiga, masanin Japan wanda ya gano bakteriyar atuni a ƙarshen ƙarni na 19. Shigella tana da jinsuna huɗu, dukkansu suna da wani babban zoben gado da ke ba su ikon kutsawa cikin bangon babban hanji, abin da ke kawo jini da majina. Amma dafin Shiga an fi saninsa da nau'i na ɗaya na Shigella dysenteriae, inda umarninsa ke zaune a cikin ragowar wani tsohon faj da ya daina motsi. Shigella a mutum take rayuwa, kuma ƙwaya 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum, saboda haka hannu mara wanki da ƙuda sun ishe ta abin hawa.

A cikin STEC kuwa faj ɗin yana nan da ransa, yana iya farkawa ya hayayyafa ya fita neman sabon masauki. Duniya ta fara sanin nau'in O157:H7 a 1982 a Amurka, ta hanyar naman shanu da bai gasu sosai ba. Dafin yana shiga jini ya lalata ƙananan jijiyoyi, musamman na ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka kamu na iya samun ciwon ƙoda mai tsanani, kuma ƙananan yara da tsofaffi sun fi shiga haɗari. A Afirka, babbar annoba ta farko ta auku a 1992 a Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini. Fari ya tara mutane da shanu a mashaya guda, dabbobi suka mutu da yawa, sannan ruwan sama mai ƙarfi ya sauka ya kwashe kashinsu zuwa koguna.

Misali mafi bayyana na ƙaurar dafi ya faru a Jamus a 2011. Wata EAEC mai lamba O104:H4 ta karɓi faj mai ɗauke da stx2, sai ta haɗa ƙarfin mannewa na rukuninta da dafin wani rukunin. Kusan mutum 4,000 suka kamu, fiye da 50 suka rasu. An bi sawun cutar har zuwa tsiron hulba da ake ci ɗanye, wanda aka shigo da irinsa daga Masar.

Wasu bakteriya a taƙaice

Campylobacter jejuni, wadda kaji ke ɗauke da ita, tana da umarnin dafinta a kan babban zaren gado, don haka kusan kowace tana da shi. Staphylococcus aureus da Bacillus cereus kuwa suna iya haɗa dafinsu a cikin abinci tun kafin a ci, idan dafaffen abinci ya daɗe a ajiye cikin zafi. Wasu daga cikin waɗannan dafi ba sa lalacewa da ɗumame, shi ya sa shinkafar da ta kwana a buɗe kan sa amai ko da an sake ɗora ta a wuta.

Abin da wannan ke nufi ga karkarar arewacin Kano

Yankin da ke kewaye da birnin Kano na daga cikin karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu a kansa tun shekarun 1960, inda ya nuna yadda manoma ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da taki. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke cikin gida don kada su shiga shuka. Da rani a kwashe takin a mangala ko a amalanke zuwa gona. Bayan girbi shanun makiyaya su shigo su ci kara su bar kashi. Wannan tsari shi ya ciyar da al'umma shekaru aru-aru, kuma abin riƙewa ne. Sai dai ya sa hanjin mutum, kashin dabba da ruwan sha suna kusa da juna ƙwarai.

Idan muka dubi rarrabuwar dafi, za mu ga hanyoyi biyu da ya kamata a tsare. Hanya ta farko ita ce ta bayan gidan mutum, wadda kwalara, Shigella, ETEC, EPEC da EAEC ke bi. Bahaya a fili, masai da ke kusa da rijiya, da kashin yaro da aka zubar a bola, duk ruwan sama na iya kwashe su zuwa rijiyar da ba ta da baki mai tsayi ko zuwa kududdufi. Kasuwannin ƙauye, bukukuwa da zaman makoki suna haɗa mutane daga nesa a kan randa ɗaya da kwano ɗaya, kuma ta nan baƙuwar zuriyar kwalara ke samun shiga.

Hanya ta biyu ita ce ta kashin dabbobi, wadda STEC da Campylobacter ke bi. Yaro mai rarrafe a tsakar gida kusa da turke, nonon da aka tatsa ba a tafasa ba, naman da ya taɓa kayan ciki a mahauta, da ɗanyen taki a kan ganyen da ake ci ba dafawa, su ne manyan ƙofofinta. Hatsi irin su gero da dawa ba su da wannan matsala, tunda suna daɗewa a gona kuma dafa su ake yi. Inda ake bukatar lura shi ne noman rani a kewayen madatsun ruwa kamar Watari a Bagwai da Tomas a Dambatta, da kuma gefen kogin Jakara, wanda ke ɗauko ruwan kwatamin birnin Kano zuwa madatsar Wasai a Minjibir, inda ake ban ruwan latas, kabeji, karas da tumatir.

Akwai kuma batun shan magani barkatai. Zoben gado da sauran guntayen DNA masu ƙaura suna ɗaukar umarnin jure wa magani kamar yadda suke ɗaukar na dafi. Zuriyar kwalarar da ta iso yankinmu a shekarun baya-bayan nan tana ɗauke da wani yanki mai suna SXT, wanda ya sa magunguna irin su Septrin suka daina yi mata aiki. An kuma nuna a ɗakin gwaje-gwaje cewa wasu magunguna, musamman dangin sifurofulokzasin, idan suka raunata bakteriya ba su kashe ta ba, suna tayar da faj ɗin da ke kwance a cikin STEC ya ƙara yawan dafi, suna kuma hanzarta ƙaurar SXT. Saboda haka sayen 'yan ƙwayoyi biyu ko uku a hannun mai talla a kasuwa, ga mutum ko ga dabba, yana iya ƙara ta'azzara lamarin.

Gwaji da sa ido

Shuka samfuri a ɗakin gwaje-gwaje yana nuna sunan bakteriya, amma ba ya nuna ko tana da dafi. Gwajin PCR shi ke neman ƙwayar gadon kanta: ctxA domin kwalara, stx1 da stx2 domin dafin Shiga, da makamantansu domin sauran rukunoni. Domin kwalara akwai gwajin gaggawa da ake yi a asibitin karkara, sannan a tura samfuri domin tabbatarwa, har zuwa babban ɗakin gwaje-gwaje na NCDC da ke Gaduwa a Abuja. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Idan aka ga babba ko yaro da ya kai shekara biyar yana zubar da ruwa da sauri har ya galabaita, ko aka ga mutane da dama a unguwa guda sun kamu lokaci ɗaya, ya kamata mai unguwa ko dagaci ya sanar da asibiti mafi kusa a ranar.

Magani da kariya

Dafin kwalara da na ETEC suna buɗe ƙofar fitar gishiri daga jiki, amma ba sa rufe wata ƙofar da hanji ke tsotse gishiri tare da sukari. A kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari, wanda likita Dilip Mahalanabis ya nuna ƙarfinsa a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya a 1971. Kwalara mai tsanani da ba a kula da ita ba na iya kashe kusan rabin waɗanda ta kama, amma idan an mayar da ruwan jiki a kan lokaci, adadin yakan sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100. Muna jan hankalin jama'a ga waɗannan matakai:

1. A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a gida. Ƙunshin da ake samu a asibiti ya fi dacewa, a narka shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a cikin lita ɗaya.

2. A ba yara sinadarin zink na kwana 10 zuwa 14 kamar yadda ma'aikacin lafiya ya tsara, a ci gaba da shayarwa da ba da abinci.

3. A garzaya asibiti idan akwai jini a bayan gida, ko amai ya hana shan ruwa, ko idanu sun faɗa, ko fitsari ya ragu. Atuni da kwalara mai tsanani suna bukatar magani, amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa.

4. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, a rufe randa, a keɓe moɗa guda ta ɗiba. Tafasawa na kashe bakteriyar kwalara, E. coli da Shigella, kowane irin dafi suke ɗauke da umarninsa.

5. A haƙa masai aƙalla mita 30 daga rijiya, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a zubar da kashin yara a masai.

6. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida, bayan wanke wa yaro, bayan kwasar taki, da kafin girki ko cin abinci.

7. A ware turken dabbobi daga wurin wasan yara da madafa, a bar taki ya ruɓe a tsibi na wasu watanni kafin a kai shi lambun ganye.

8. A tafasa madara kafin a yi kindirmo, a gasa nama har cikinsa, a wanke ganyen da za a ci ɗanye da ruwa mai tsabta.

9. A shayar da jariri nonon uwa zalla wata 6, a kuma kai shi rigakafin bairus ɗin rota, wanda aka sanya cikin jerin rigakafin yara na Nijeriya a watan Agustan 2022.

Domin ƙarin bayani ana iya tuntuɓar cibiyar lafiya matakin farko mafi kusa, ko sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukuma.